Yadda ake horar da yaron shago har ya riƙe maka kasuwa

'Yan kasuwa da yawa a Damagaram suna da jarin buɗe shago na biyu, mutumin da zai riƙe shi ne babu. Maigida ya tafi Kano sari, yaro yana zaune a Kasuwar Dole yana ce wa masu saye, "Sai Alhaji ya dawo." Laifin ba na yaron ba ne, ba a taɓa sakar masa komai ba.

Fara da rubutu. Sayi kaye, wato littafin rubutu, ka ba shi ya riƙa rubuta duk abin da ya fita da kuɗin da ya shiga, da boko ko da ajami. Kafin magariba ku ƙirga kuɗin tare. Kai ma in ka ɗebi jika biyu na cefane, sa shi ya rubuta a gabanka. Yaron da ya ga maigida yana zura hannu a akwati ba lissafi, shi ma haka zai koya.

Bayan wata guda, ware masa kaya iri ɗaya, kamar sabulu ko taliya. Faɗa masa nawa aka saro, nawa kuɗin mota da na duwan (kwastan) suka ci, da farashin da ba a sauka ƙasa da shi. A nan iyayen gida suka fi yin ƙwauro, suna tsoron yaro ya san riba. To wanda bai san uwar kuɗi ba, ta yaya zai yi ciniki? In ya yi kuskure, bari mai saye ya tafi tukuna, sannan ka tambaye shi, "Kai, me ya sa ka sallama a haka?" Saurari amsarsa kafin ka gyara.

Bashi kuwa, yanke masa iyaka: wa ake ba, kuma har nawa. Dangi su zo wurinka.

Sai gwaji. Bar masa shagon ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke cika, kada ka yi ta bugo waya. Da dare kaye zai faɗa maka gaskiya.

In ya tsallake wannan, tafi da shi sari. Ya ga hanyar Matamaye, ya san dilolinka, ya iya canjin sefa da naira, domin canji kaɗai yana cinye ribar tafiya. Nuna masa inda ake samun kaya in hanya ta toshe. Kowa ya tuna rufe iyakar Najeriya a Agustan 2019, da ta 2023.

Tun kafin ka miƙa masa makullin sabon shago, ku zauna gaban mahaifinsa da shaidu biyu a yanke magana: albashi ne ko kaso a riba, da shekarar da za ka sallame shi da jari. A rubuta, kowa ya riƙe takardarsa.