Yadda Za Ka Sayi Gidanka Na Farko Ya Zame Maka Jari

Duk ɗan haya a Kano ya san zafin ranar da mai gida zai aiko yaro da saƙon ƙarin kuɗi. Shi ya sa da zarar mutum ya tara ɗan abin hannu, ba abin da yake fara faɗo masa sai mallakar muhalli. To amma akwai gidan da za ka kwana a ciki kawai, akwai kuma wanda zai riƙa mayar maka da kuɗinka. Tun kafin ka biya ko sisi ake raba su.

Fara da aljihunka. Farashin da dillali ya faɗa ba shi ne ƙarshe ba: akwai la'adarsa, da kuɗin lauya, da na safiyo, da na canja suna, ga gyaran da ba ka gani ba sai ka tare. Kada ka kwashe jarin sana'arka ka zuba. Gida ba akuya ba ne da za ka ja zuwa kasuwa yau ka dawo da kuɗi. In larura ta matse ka, karyar da shi za ka yi.

Idan kai ma'aikaci ne, duba ko ana cire maka kashi 2.5 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992. Masu zubi a cikinsa suna iya neman lamuni daga bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, a kan kuɗin ruwa kashi 6, a biya har tsawon shekara 30. Wanda kuma yake gudun ruwa sai ya leƙa bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ. Ko ina ka je, tambaya ɗaya ka riƙe: jimilla nawa zan biya daga farko har ƙarshe?

Sai zaɓen wuri. Je ka gan shi a watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ba da rani ba lokacin da kowane kwari yake kama da tudu. Dubi gindin katangar maƙwabta, in ruwa yana kwanciya za ka ga zanensa. Zauna wajen mai shayin layin ka ji labarin wuta da ruwan sha, shi ba la'ada yake jira ba. Tunda haya kake hange, nemi inda mutane ke zuwa dole: kusa da kasuwa, asibiti ko makaranta. Ɗaliban Jami'ar Bayero ne suka sa ɗakuna a Danbare ba sa daɗewa a rufe.

Yanzu ga inda ake kuka, wato takardu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Abin da kake saya izinin zama ne, kuma satifiket ɗin gidan zama yawanci na shekara 99 ne. Saboda haka fara tambaya: awon gwamnati ne ko awon igiya? Na igiya ya fi araha, kuma unguwanni da yawa a haka suka tashi, amma takardar mai unguwa ba za ta hana a fitar da titi ta tsakiyar falonka ba. Idan akwai satifiket, kada ka tsaya a kan kwafen da aka miƙo maka. Kai lambarsa hukumar ajiye bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, a bincika sunan wa ke kai, kuma ko an jinginar da shi a banki. Rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya isa ya sa ka ƙara tambayar me wurin yake a da: filin makaranta ne, na idi, ko gefen badala?

Gidan gado kuwa sai ka ninka hattara. Babban wa ba shi da ikon sayar da kason ƙannensa mata don kawai shi ke riƙe da makulli. Nemi takardar rabon gado ta kotu, kowane magaji ya sa hannu. In aka ce ɗaya yana Saudiyya amma "ba zai ce komai ba", jira shi.

Ranar biya, tura kuɗin ta banki zuwa asusun mai gidan da kansa, ba na dillali ba. A rubuta yarjejeniya a gaban lauya da shaidu da mai unguwa, a nuna iyaka maƙwabta na tsaye. Daga nan ka bi sahun amincewar gwamna da canja suna, kada ka jefa takardun a durowa ka ce sai an samu sarari.

Abu na ƙarshe, sa gidan ya yi aiki. Ni a ganina tsohon gida mai faɗi a bakin layi ya fi sabon ƙaramin gida mai tayil a lungu. Fitar da shago ɗaya ko biyu a gaba bayan ka karɓi izinin hukumar tsara birni, ko ka yanke ciki da falo da ƙofarsa daban. Ka yi lissafi: in ka kashe naira miliyan 20, hayar shekara ta kawo miliyan 1, kashi 5 ke nan, kafin ka cire gyaran rufi da yasar masai. Raba mitar wuta tun ranar farko, kuma ko ɗan ƙanwarka ne zai shiga, a rubuta ranar shiga da ranar biya.