Yadda Ake Zaɓar Maganin Barci Wajen Duba Maƙogwaron Mai Ɗaukewar Numfashi

Maƙogwaron mai ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci ba ya toshewa sai barci ya kwashe shi. Shi ya sa, tun da likitoci biyu, Croft da Pringle, suka fito da hanyar a Landan a 1991, ake sa majinyaci barci da magani, a zura siririyar kyamara ta hanci, a ga inda hanyar iska ke rufewa: ganɗa, gefen maƙogwaro, tushen harshe, ko murfin maƙoshi.

Majinyaci ya bar abinci awa 6, ruwa awa 2. A kwantar da shi rigingine, a rage fitila, a ɗaura na'urorin auna oksijin, bugun zuciya da hawan jini. Kada a fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, yana canza yadda naman wurin ke motsi.

Propofol ne akasari zaɓin farko, don yana kamawa da sauri, yana saki da sauri. A ba da shi ta famfon da ke daidaita yawansa a jiki, a fara da kusan maikirogiram 1.5 a kowace mililita ta jini, ana ƙara 0.2 duk bayan minti 2. Gaggawa ce ke ɓata aikin. Wanda ya danna allura da yawa lokaci guda zai ga harshe ya faɗa baya, numfashi ya tsaya cak, sai ya rubuta toshewar da maganin ne ya haddasa ta, babu ita a barcin gida. A riƙe ma'aunin zurfin barci na BIS tsakanin 50 da 70, minshari na fita, ƙirji na motsi.

Dexmedetomidine ya fi kusa da barcin gaske, ba ya danne numfashi sosai. Ana ba da maikirogiram 1 a kowane kilo cikin minti 10, sannan a ci gaba da ɗigo. Sai dai yana da nawa, yana rage bugun zuciya, jini ya sauka, wani majinyacin ma kyamara na taɓa hancinsa zai farka. Midazolam yana da makari, flumazenil, amma yana daɗewa a jiki, daidaita shi da wuya. Dangin mofin, wato magungunan kashe zafi masu ƙarfi, kuwa a ajiye su gefe.

Idan barci ya zauna, a kalli toshewa da buɗewa sau biyu ko uku kafin a rubuta komai. Sannan a turo muƙamuƙi gaba, a juya majinyacin gefe, a sake dubawa. In oksijin ya faɗi ƙasa ainun, a dakatar da magani, a ɗaga haɓa, a ba da iska.