Yadda ake horar da sabon bututun bindiga kafin a fara ɗurin harsashi da hannu

A Amurka da Afirka ta Kudu, mafarauta da masu gasar harbi da yawa ba sa dogara da harsashin kanti. Su suke auna albarushi su ɗura a kwanso, har su dace da ɗurin da bindigarsu ta fi so. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta ɗaure harkar bindiga da harsashi da lasisi, don haka wannan bayani na wanda doka ta ba dama ne.

Matsalar sabon bututu tana maƙogwaronsa, wato inda kan harsashi ke fara cizon tsagin da ke cikin bututu mai sa shi juyawa. Ƙarfen da aka yanka gurbin harsashi da shi yana barin ƙananan zane a gicciye a wurin. Kamfanin Krieger mai ƙera bututun bindiga ya bayyana cewa zanen nan ke kankare jan ƙarfen da ya lulluɓe harsashi, zafi ya watsa shi cikin bututu. Idan aka ci gaba da harbi a kai, sai ya yi ta taruwa. Shi ya sa ake horar da bututu, wato a riƙa harbi ana wankewa har zanen ya yi sumul.

Da farko ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka zare sakatar, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle bayan bututu, ka goge man da aka shafa a masana'anta har ƙyalle ya fito a bushe. Ta baya ake zura sandar gogewa, tare da robar da ke riƙe ta a tsakiya. Leɓen bakin bututu shi ne abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, kuma ƙwarzane ɗaya a wurin ya isa ya ɓata saiti.

Sai ka harba ɗaya, da harsashin kanti ko ɗuri mafi ƙanƙanta da littafin ɗurin harsashi na kamfanin Hornady ko Sierra ya nuna. Ka fara wanke baƙin toka, sannan ka sa maganin cire jan ƙarfe. Irin mai amoniya, kamar Sweet's 7.62, kada ya wuce minti 15 a ciki. Ƙyallen zai fito shuɗi muddin akwai saura. A nan mutane ke ruɗewa: idan kan sandarka na tagulla ne, shi ma yana ba da shuɗi, sai ka yi ta wanke bututun da ya riga ya fita. Nemi na roba ko na alminiyam. Ka busar da ciki sarai kafin harbi na gaba.

Ka maimaita haka sau biyar zuwa goma. Da ka ga shuɗin ya ragu, koma harbi uku-uku kafin wanki, daga nan biyar-biyar, kana barin bututun ya huce. Wanda aka goge cikinsa da hannu a masana'anta yakan daidaita da wuri, na bindigar kanti ya fi jan lokaci.

Ba kowa ya yarda da wannan hidima ba. Marigayi Gale McMillan, sanannen maƙerin bututu a Amurka, ya ɗauke ta ɓarnar harsashi da rage wa bututu kwana. Maganarsa tana da nauyi, domin bututun bindiga mai harba harsashi samfurin 6.5 Creedmoor a gasa yakan fara gajiya tsakanin harbi 2,000 da 3,000. Ni dai ina ganin harbi ashirin a tsanake ba asara ba ne, amma wanke-wanke har ɗari ya zama wahalar da kai.

Abin da bai kamata ka tsallake ba shi ne jiran gudun harsashi ya daidaita. Sabon bututu yakan ƙara wa harsashi gudu a cikin harbi 100 zuwa 200 na farko. Ɗurin da ka zaɓa a harbi na 30 zai iya daina buga wuri ɗaya a na 150, kuma idan dama yana dab da iyaka, matsin da ke cikin bututu zai iya haurawa. Don haka ka sa na'urar auna gudu, ka riƙa rubuta lambobin da ɗuri iri ɗaya, ka yi amfani da lokacin wajen saita madubin hange na bindigar. Kwansunan da ka harba ka adana su, sun riga sun ɗauki siffar gurbin bindigarka. Idan matsakaicin gudu ya daina hawa a zama biyu ko uku a jere, sai ka fara gwajin ɗuri daga adadin farko na littafi, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kana duba gindin kowane kwanso da nauyin ɗaga sakata don gane ko matsi ya yi yawa.