Yadda tela zai fita kunyar masu ɗinkin Sallah

Yaron da ya gama koyon ɗinki ya buɗe nasa shagon, yawanci Sallar farko ce ke zubar masa da mutunci. Hannunsa na da kyau, amma daren Sallah sai ka tarar da mutane cirko-cirko a ƙofar shago, shi kuwa ya kashe waya. Na sha ganin haka, kuma kusan kullum tun ranar karɓar kaya aka yi ɓarnar.

Da farko ka san ƙarfinka. Tun cikin Sha'aban ka lura kaya nawa kake gamawa a rana, daga yanka har guga, ba tare da ka kwana a kan keke ba. Sannan ka rage, don da azumi a baki ba za ka yi aikin da ka saba ba, ga tafsiri ga tarawihi. Azumi kwana 29 ne ko 30, kai ka yi lissafi da 25. In kaftani 2 kake gamawa a rana, 50 ke nan. Rubuta adadin a bangon littafinka.

Mataki na biyu shi ne rufe karɓa, kuma nan ake faɗuwa. Ranar da ka cika, ka cika. Sai dai ranar ce gwaggonka za ta aiko da atamfar yara, maƙwabci ya shigo da shadda yana cewa "ai kai namu ne", wani Alhaji kuma ya zaro kuɗin ɗinki duka ya dire a kan tebur. Kunya ta hana ka cewa a'a, ka amsa da "Allah Ya kai mu", alhali ka san babu hali. Tanadi amsarka tun kafin su zo: "Baba, wallahi na cika. In na karɓa zan ba ka kunya ranar Idi, gara ka ji haushina yau." Ka faɗa cikin ladabi, ka nuna masa littafin, ka haɗa shi da telan da ka yarda da aikinsa. Kada ka yarda da "to bari in ajiye, in ka samu sarari". Yadin da ya kwana a shagonka ya zama alƙawari, ko ka furta ko ba ka furta ba, kuma saɓa alƙawari na cikin alamomin munafuki 3 da hadisi ya lissafa. Kuɗin kafin alƙalami ma tarko ne idan ka wuce adadinka: za ka kashe su a cefanen buɗa-baki, ka rasa na mayarwa, ka rasa lokacin ɗinkawa. A wurina, bayan 10 ga azumi ba a karɓar sabon yadi, ko na waye.

Na uku, kowane kaya ya shiga littafi: suna, awo, irin ɗinkin, abin da aka biya, da ranar da mai shi zai zo ya karɓa. Yanki ɗan ƙyalle daga yadin ka manna a gefen sunan, domin farar shadda takan yi kama da juna idan ta taru. Ranar da za ka faɗa wa mai kaya ta zarce wadda ka sa wa kanka da kwana 3.

Duk abin da ke buƙatar aikin wuya ko surfani, tura shi wurin masu aikin a makon farko. Goman ƙarshe layinsu ya fi naka tsawo. Zare, maɓalli da zif ma ka sayo su gaba ɗaya, ka huta da zaryar kasuwa da rana tsaka.

Yanka kuwa bayan asuba ake yinsa, lokacin da ido ke garau kuma shago babu 'yan hira. Waya ta shiga aljihun tebur har azahar. Kada ka dogara da wutar NEPA, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 janareta na iya cinye ribar ɗinkin, saboda haka ka gyara keken ƙafa, ka tanadi dutsen guga na gawayi. Wanda ka gama, goge shi, sa a leda da suna, kira mai shi ya zo ya gwada tun da sauran kwanakin gyara.