Darasi na 9: Takardar Ranar Shiga Ɗakin Haya

'Yan'uwa, ku buɗe sabon shafi. Yau za mu koyi rubutun da zai tsare muku kuɗinku.

Idan ka kama ɗaki a Garwa ko Marwa, mai gida yakan karɓi kuɗin ajiya, wanda ake ce wa kosiyo. Wannan ba kuɗin haya ba ne, ajiya ce. Ranar da za ka tashi, zai zagaya ɗakin, ya cire kuɗin abin da ka ɓata, ya ba ka saura.

To, ta yaya za a bambance abin da ka ɓata da abin da ka tarar a ɓace? Sai da takarda. Dokar da ake bi a nan arewacin Kamaru, Code civil, sashe na 1731, ta ce idan ba a rubuta halin ɗaki ba, ana ɗauka lafiya lau ka karɓe shi.

Kafin ka shigar da ko tabarma, ɗauki biro. A can sama rubuta kwanan wata: rana, wata, shekara. Sannan ku zagaya tare da mai gida. Murɗa makulli. Buɗe taga. Kunna fitila. Ɗaga kai ka dubi silin, ko akwai shatin ruwan damina. Duk abin da ka gani, layi guda:

Gilashin taga ɗaya ya tsage.
Famfo yana ɗiga.

Kwafi lambobin mitar wuta ɗaya bayan ɗaya. Idan hannunka na rawa, ba komai, a hankali ake iyawa.

Yanzu koma sama. Ka sa kwanan wata? Sake dubawa. Sai sa hannu: naka, na mai gida, da na shaida. Wanda bai iya ba ya dangwala yatsa. A yi takarda biyu, kowa ya riƙe ɗaya.

Wata baiwar Allah a ajinmu ta rubuta komai tsaf, har ramin ɓera a bayan ƙofa, amma ta ji nauyin cewa: "Alhaji, a taimaka a sa hannu." Ranar tashi ya dubi takardar ya ce bai san da ita ba. Jaka 12, wato sefa 12.000, ta tafi a kan ƙofar da ta tarar a karye.

Na duba aikinku na makon jiya, da yawanku kun bar saman takarda fayau. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Kwanan wata a sama, sa hannu a ƙasa. Ku maimaita da ƙarfi. Kunya ba za ta biya muku kafinta ba.

Wa ke biyan me?

Abin da kai, ko yaranka, ko baƙonka suka fasa, naka ne. Abin da tsufa ya cinye, ko iskar hadari ta yaye, na mai gida ne.

Lissafi

Ajiya 30.000. Gilashi 4.000, makulli 3.500. Nawa za a mayar maka? Nemi rasit na kowane gyara.

Idan gardama ta tashi

Ɗauki takardarka ka je wurin mai unguwa.

Aikin gida

Rubuta abubuwa biyar na ɗakin da kake kwana. Fara da kwanan wata.