Hita mai kananzir lokacin hunturu: yadda ake zuba mai, a kunna, a bar wa ɗaki iska

Jama'a sanyi ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu kowa ya san yadda Bauchi take, balle 'yan uwanmu na wajen Toro da Tilden Fulani da ke maƙwabtaka da Jos, su kam sai dai a ce sannu. Saboda wutar lantarki ba tabbas mutane sun koma sayen hitar nan ta ɗumama ɗaki mai shan kananzir, wasu kuma risho suke kunnawa a tsakar ɗaki don a ji ɗumi, musamman ɗakin mai jego da na tsofaffi. Hitar tana da amfani sosai, amma dan Allah a san yadda ake bi da ita.

A fara da man kansa. Kananzir zalla ake zubawa, ban da fetur, ban da gas ɗin mota. Matsalarmu a ƙasar nan gurɓataccen kananzir ne wanda aka gauraya da fetur, shi ke sa fitila ko risho su yi bindiga. Kananzir mai kyau sai ya kai zafin wajen digiri 38 kafin tururinsa ya kama wuta, shi kuwa fetur ko cikin muku-mukun sanyi tururinsa kamawa yake nan take. Don haka a saya a gidan mai, kuma kar a auno a jarkar da aka taɓa zuba fetur ko da an ɗauraye ta. In ka yi shakka, ɗebi kamar rabin cokali ka zuba a murfin gwangwani can a fili nesa da jarkar, ka miƙa masa wuta a bakin dogon kara, in ya kama fuu tun wutar ba ta taɓa shi ba to akwai fetur, kar ya shiga gidanka.

Wajen zubawa, a kashe hitar tukunna ta huce sarai, a fito da ita ko tankinta tsakar gida, a sa mazurari. Kar a cika fal, a tsaya daidai layin da aka yi wa alama domin mai yana kumbura in ya ji zafi sai ya tumbatso. Wanda ya zube a goge. In lagwani sabo ne a bar shi ya jiƙu kamar awa 1 kafin a kyasta ashana.

A ajiye ta a ƙasa inda yake shafe, ba kan tabarma ko kafet ba, kuma a ba ta tazarar aƙalla mita 1 daga labule da katifa da gidan sauro, shi gidan sauron nan in ya kama narkewa yake yana ɗiga a jiki. Ban da shanya kayan jarirai a kanta, na san ana yi don ba sa bushewa da wuri, amma a daina. Kuma kar a ɗauke ta tana ci.

Sai a duba harshen wutar, a bi yadda takardar hitar ta nuna. In yana tashi ja-ja yana hayaƙi yana baƙanta bango, ko wari ya ƙi barin ɗakin bayan an kunna, to lagwanin ya yi tsawo ko ya yi datti, a kashe a gyara. Rage shi ƙasa can don tattalin mai shi ma yana hana wutar ci da kyau.

To yanzu ga abin da ya fi damuna wallahi, maganar iska. Mu in sanyi ya zo sai mu rufe ƙofa da taga ruf, har a cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Wutar nan tana cinye iskar da muke shaƙa, in iskar ta ragu sai wutar ta fara fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu, shi ya sa mutum na barci sai ya zarce bai ko motsa ba. Irinta ce ke fita daga janareta da kaskon gawayi, don haka su ma hukuncinsu ɗaya. A buɗe taga ko da faɗin yatsu biyu zuwa uku ne, a bar ƙofar ɗaki a ɗan buɗe ta yadda iska za ta ratsa. In ka ga gilashin taga yana zufa kar ka yi mamaki, lita 1 ta kananzir tana fitar da tururin ruwa kusan lita 1, alama ce ɗakin yana neman iska. A ɗumama ɗaki kafin a kwanta, in an zo barci a kashe a ja bargo, a sa wa yara safa da hula. Mai hali ya nemi na'urar nan mai batir da ke ƙara in gubar ta taru.

In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka fara ciwon kai lokaci guda, ga jiri ga tashin zuciya da kasala, ko jariri ya yi laushi ya ƙi kama nono, kar a ce maleriya ce a tsaya neman farasitamol. A fitar da kowa waje, a kashe hitar, a buɗe ko'ina, a wuce asibiti, a cikin garin Bauchi ga asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) nan, kuma a gaya wa likita cewa an kwana da hita ko garwashi.

Sannan iyaye mata, dan girman Allah a daina ajiye kananzir a gorar ruwa ko ta lemo, yaro ɗauka yake ya kafa kai. In hakan ta faru kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja ko madara, aman ne ke kai man cikin huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa jiki da sabulu, a kai shi asibiti da gorar a hannu.