Yadda ake gano ko sensar zafin iska ta mota ta lalace

Mota ta fara shan mai fiye da da, ba ta tashi da wuri da safe, silo ɗinta yana rawa, ga wutar cek ta kama. Mutane da yawa filogi suke fara canzawa. Kafin ka kashe kuɗi, duba 'yar sensar da ake kira IAT, mai auna zafin iskar da injin ke shaƙa. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, shi ya sa ƙwaƙwalwar mota ke dogara da wannan awo wajen daidaita man da za ta fesa.

Fara nemo inda take. A wasu motocin tana jikin bututun da ya taso daga gidan matatar iska, da wayoyi biyu. A Toyota Corolla da Camry da yawa kuwa a cikin sensar MAF take, wato mai auna yawan iskar da ke shiga injin, mai wayoyi biyar. In ka zaro ta za ka ga wani ɗan ƙulli kamar kan ashana, shi ne.

Sai a sa wa motar kwamfuta. Lambobin da suka shafe ta daga P0110 ne zuwa P0114. P0113 na nufin layin ya yanke, P0112 kuma waya ta taɓa jikin mota ko ta haɗu da 'yar uwarta. Sai dai lamba ba ta ce sensar ce ta mutu ba, layin kawai ta nuna. A nan ake yawan asara.

Gwajin da na fi yarda da shi na sassafe ne. Bar motar ta kwana, kunna makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka karanta zafin iska da zafin ruwan injin a kwamfutar. Tunda komai ya huce, ya kamata su zo kusan ɗaya, bambancin bai wuce digiri 2 ko 3 ba. In ruwa ya nuna 25, iska ta nuna 60, akwai magana. In ka ga -40, waya ta tsinke ko soket bai zauna ba. Girgiza wayoyin da hannu kana kallon kwamfutar. Lamba ta yi tsalle, to laifin na waya ne.

Cire soket ɗin, makulli a kunne, ka auna da mita. Ya kamata ka sami kusan volt 5 a wayar sigina. Babu? Aikin mai rewaya ne, sabuwar sensa ba za ta yi maganin komai ba. Yi hattara da soket mai wayoyi biyar: ɗaya tana ɗauke da volt 12, kada ka haɗa baki biyu da ka, sai ka tabbatar da su a zanen wayoyin motar. A Toyota sunayen wayoyin IAT ɗin biyu THA da E2.

Yanzu kashe makulli ka auna sensar kanta. Da yawansu suna ba da om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, kuma lambar tana sauka in zafi ya ƙaru, don haka a ranar Afrilu za ka ga ƙasa da haka. Hura mata iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi. Lafiyayya a hankali take sauka. In ta tsaya cak ko tana yankewa, ta gama aiki.

Wani lokacin datti ne kawai, musamman bayan ƙurar hunturu in matatar iska ta yage. Fesa mata maganin wanke MAF, ka bar ta ta bushe. Ban da fetur, ban da goga ta da tsumma.

In canji ya zama dole, ɗauki tsohuwar ka tafi da ita kasuwa, lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta sabuwar. Bayan an ɗaura, a goge lambar matsalar da kwamfuta, a zaga da motar, washegari da safe a sake gwada awon nan biyu.